Takardar gwajin yayana ta ce t(9;22), kuma na ci karo da wani kundi a intanet: a yarda da shi?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Wata biyu ke nan da aka tabbatar wa yayana, ɗan shekara 38, cewa yana da kansar jini irin wadda ake kira CML. Ya daɗe yana fama da kasala da rama da nauyi a gefen hagu na cikinsa, muna ta maganin taifot da zazzaɓi, sai da aka auna jini aka ga fararen ƙwayoyin sun yi yawan da ya wuce misali. An ɗebi ɓargonsa an tura gwaji, takarda ta dawo da wannan rubutu: 46,XY,t(9;22)(q34;q11.2)[20]. Ni malamar makaranta ce, sai na kwafe shi na saka a intanet, ya kai ni wani shafi mai suna Atlas of Genetics and Cytogenetics in Oncology and Haematology. Na karanta iya abin da na gane, na ƙara ruɗewa, har na ga inda aka ambaci 'yan shekarun da masu cutar ke yi a raye. Su wane ne ke rubuta wannan shafi, kuma abin dogaro ne? Sannan tunda matsalar a ƙwayoyin gado take, 'ya'yansa huɗu za su gada?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba yayanki lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi masa.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce ke hana ki barci. A'a, 'ya'yansa ba za su gaji wannan ba. Shi ma ba daga iyayenku ya samo shi ba, ke kuma ba kya ɗauke da shi don kawai kun fito ciki ɗaya. Sunan da muke kiran abin da shi a Hausa, wato ƙwayoyin gado, shi ne ke jefa mutane cikin wannan fargaba. Ki kwatanta da sikila. Ita tun ranar da aka ɗauki cikin mutum take tare da shi, tana cikin kowace ƙwaya ta jikinsa, har da maniyyi da ƙwan mace, shi ya sa take bin zuri'a, shi ya sa ake ta kiran a yi gwaji kafin aure. Abin da ya sami yayanki daban ne. Lafiya lau aka haife shi. Yana babba ne ƙwaya guda tak a cikin ɓargonsa, daga cikin waɗanda ke samar da jini, ta samu tangarɗa, ta kuma ci gaba da hayayyafa da tangarɗar tata. Ita da abin da ta haifa ne kaɗai ke ɗauke da matsalar. Da za a kankaro fatarsa a auna, ba za a ga komai ba. Kuma ba a ɗaukar cutar ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a shimfiɗa ɗaya, don haka ki kwantar wa matarsa da hankali.

Yanzu ɗauko takardar mu karanta tare, gaɓa-gaɓa.

A cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin ɗan Adam akwai wasu 'yan sanduna da muke kira kuromosom, guda 46, rabi daga uba, rabi daga uwa. A jikinsu ƙwayoyin gado suke jere. Wannan ne 46 ɗin farko: adadinsu cikakke ne. XY kuwa yana nufin namiji ne. An ba sandunan lamba daga 1 zuwa 22, biyu-biyu, kusan bisa girmansu. Harafin t yana nufin musaya: lamba 9 da lamba 22 sun karye, guntun wannan ya je ya manne a jikin wancan, na wancan ya dawo jikin wannan. Kamar tela ya yanke hannun riguna biyu ya ɗinka kowane a jikin ɗayar.

Abin da ke cikin baka ta biyu adireshi ne. Kowace sanda tana da ƙugu da ya raba ta gida biyu, gajeren hannu ana kiransa p, dogon kuma q. A ɗakin gwaji muna renon ɓargon kwana ɗaya ko biyu a cikin ɗumi irin na jiki, mu zuba wani magani da zai tsayar da ƙwayoyin daidai lokacin da suke rabuwa, mu kumbura su da ruwan gishiri mai sauƙi, mu ɗiga a kan gilashi, mu rina. Idan an duba da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa sai a ga kowace sanda ta fito da ratsi-ratsi, baƙi da fari, kamar zanen saƙi, kuma kowace lamba da nata tsarin ratsin. Ratsin nan ake ƙirgawa daga ƙugu zuwa waje. To q34 da q11.2 suna cewa: a dogon hannun lamba 9, can kusa da ƙarshe, da dogon hannun lamba 22, nan kusa da ƙugu, a nan aka karye. Ashirin ɗin ƙarshe kuma yana nufin ƙwayoyi 20 aka duba, duka an ga musayar. Kada wannan ya tsorata ki, haka aka saba gani a farkon ganewa kafin magani ya fara aiki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da babu a takardar: ba a rubuta wata tangarɗa ta biyu a bayan wannan ba. Wannan alama ce mai daɗi, ko da yake likitansa zai haɗa ta da sauran sakamakon jini da na ɓargo kafin ya faɗi matakin da cutar take.

Illar musayar ita ce, a daidai wurin ɗinkin, rabin wata ƙwayar gado mai suna BCR ya haɗu da rabin wata mai suna ABL1. Haɗin nasu yana ƙera wani furotin, wato sinadari mai aiki a cikin ƙwaya, wanda ba ya jin birki, kamar babur ɗin da totur ɗinsa ya maƙale. Kullum umarni ɗaya yake ba ƙwayar: hayayyafa. Shi ya sa fararen ƙwayoyin jini suka cika, saifa ta kumbura har yana jin nauyinta a hagu.

Sanin wannan bai zo rana ɗaya ba, kuma labarinsa ne zai kai mu ga kundin da kika gani. A 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura da wata sanda ƙarama fiye da ƙima a jinin masu wannan cuta. Aka laƙaba mata sunan garin, har yau za ki ji likitoci suna cewa kuromosom ɗin Filadelfiya. Shekaru aka yi ana zaton wani ɓangare nata ne ya ɓace. Sai da aka samu dabarar fito da ratsin nan, sannan wata likita a Shikago, Janet Rowley, wadda takan yayyanka hotunan sandunan ta jera a kan teburin cin abincin gidanta, ta nuna a 1973 cewa guntun bai ɓata ba, yana can manne a wutsiyar lamba 9. Bayan nan aka gano BCR da ABL1, aka nemi maganin da zai toshe furotin ɗin, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da imatinib a 2001. Daga ganin ƙaramar sanda zuwa ƙwayar maganin da mutum zai haɗiya a ɗakinsa, shekara 41.

To, wannan musaya ɗaya ce, kuma ita ce ta fi shahara. Irinta da aka gani a cututtukan kansa sun kai dubbai: wata musaya ce, wata guntu ne ya ɓace, wata sanda ce ta ƙaru, wata kuma wuri guda ne ya maimaita kansa sau da yawa. Akwai waɗanda ake gani kullum, akwai waɗanda a duk duniya marasa lafiya ƙalilan aka taɓa gani da su. Babu likitan da kansa zai ɗauke wannan duka. Ki ɗauka ma'aikacin ɗakin gwaji ya leƙa madubi ya ga wata baƙuwar musaya da bai taɓa gani ba, ga likita a waya yana jiran ya ji ko mai sauƙi ce ko mai tsanani, don a kan haka zai zaɓi magani. Wa zai tambaya? Yana buƙatar wurin da duk wanda ya taɓa ganin irinta ya ajiye abin da ya gani.

Wanda ya fara yin wannan aiki da gaske shi ne Felix Mitelman na Jami'ar Lund a ƙasar Siwidin. Ya riƙa bin mujallun likitanci yana tsinto kowane rahoto ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da su a littafi a 1983. Littafin ya yi ta kauri har takarda ta kasa ɗauka, aka mayar da shi intanet a shekara ta 2000, yau yana ɗauke da bayanin marasa lafiya sama da 70,000. Da irin wannan tattarawa aka gane cewa idan CML za ta rikiɗe ta yi tsanani, akwai wasu 'yan tangarɗu da ta saba ƙarawa, kamar ƙarin lamba 8, ko kuromosom ɗin Filadelfiya na biyu. Su ne na ce miki na ji daɗin rashin ganinsu a takardar yayanki. Likita ɗaya a asibiti ɗaya ba zai taɓa ganin marasa lafiyar da za su isa ya gane wannan tsari ba.

Amma kundin Mitelman jeri ne na lambobi, sai gwani ke iya cin moriyarsa. Shi ya sa a 1997 wani likita a asibitin koyarwa na garin Poitiers a Faransa, Jean-Loup Huret, tare da abokan aikinsa irin su Philippe Dessen, suka buɗe Atlas ɗin da kika faɗa ciki. Manufarsu ita ce kowace tangarɗa, kowace ƙwayar gado mai hannu a kansa, kowane nau'in kansar jini da na sauran sassan jiki, da cututtukan gado masu janyo kansa, a ba shi shafinsa da bayani a rubuce: a wace cuta ake ganinsa, su wa ya fi kamawa, yaya kamanninsa a madubi, waɗanne ƙwayoyin gado ya taɓa, me ya saba nunawa game da tafiyar cutar. Ba mutum ɗaya ke rubutawa ba. Likitoci da masu bincike ne daga ƙasashe da yawa, kowa ya ɗauki fannin da ya ƙware a kai ya rubuta, editoci su duba kafin a saka. A kowane shafi za ki ga sunan marubucin da lokacin da ya rubuta, a ƙasa kuma ga binciken da ya dogara da su. Kuma kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Wanda ya taɓa neman wata maƙala ta likitanci aka ce sai ya biya daloli kafin ya karanta shafi goma, shi ya san darajar wannan.

Saboda haka amsar ita ce e, abin dogaro ne, ni kaina ina buɗe shi, ina kuma tura ɗalibaina. Sai dai akwai abubuwa biyu da nake zaton su suka tayar miki da hankali, kuma ina so ki koma ki duba.

Na farko, kwanan wata. Atlas ɗin ya girmi imatinib da shekara huɗu, kuma aikin sa-kai ba ya sabuntuwa lokaci guda. Wani shafin an gyara shi kwanan nan, wani yana nan yadda mai shi ya bar shi shekaru da dama. Bayanin inda sanda ta karye ba ya tsufa, amma bayanin magani da tsawon rai yana tsufa da sauri. Kafin 2001, gaskiya ne, yawancin masu CML 'yan shekaru kaɗan suke yi. Bayan zuwan imatinib labari ya canza gaba ɗaya. A babban gwajin da aka yi wa maganin, wanda ake kira IRIS, sama da 80 cikin 100 na waɗanda aka fara wa da shi suna raye bayan shekara goma, kuma da yawa daga waɗanda suka rasu ba wannan cutar ce sanadi ba. Rai dai na Allah ne, amma lissafin da kika gani mai yiwuwa na wani zamani ne da ya wuce.

Na biyu, t(9;22) ba a CML kaɗai take ba. Ana samunta a wata kansar jini mai saurin gaske da ake kira ALL, a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manyan da ke da ita. Musaya ɗaya, cuta daban, magani daban, lissafi daban. Atlas ɗin ya ware wa kowace shafinta, kuma wanda ya shigo ta hanyar bincike a waya yana iya faɗawa shafin da ba nasa ba bai sani ba. Na taɓa zama da wani magidanci da ya shigo ofis da takardu a naɗe a aljihun babbar rigarsa, ya buga su a shagon kwamfuta, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wani adadi. Kwana uku bai ci abincin kirki ba, har ya fara raba wasiyya. Da muka duba kan takardar, bayanin wata cuta ce ba tasa ba. Ba laifinsa ba ne, an rubuta waɗannan shafuka ne don ma'aikatan lafiya, ba a yi tunanin ɗan'uwan majiyyaci zai karanta su da tsakar dare shi kaɗai ba.

Akwai wasu kundayen irinsa da za ki iya cin karo da su. COSMIC, na Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila, ya fara a 2004 da ƙwayoyin gado huɗu kacal, ya fi mayar da hankali ga ƙananan sauye-sauyen da madubi ba ya gani. CIViC na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka a buɗe yake ga masana su ƙara hujja, wasu su tantance. OncoKB na wani babban asibitin kansa ne a New York. Kowanne da inda ya fi ƙarfi, kuma babu wanda ya san yayanki a cikinsu. Abin da aka gani a jikin wasu mutane suke faɗa.

Nan ne kuma abin yake ci mini rai. Su wane ne waɗannan wasu mutanen? Mafi yawansu Turawa ne da mutanen Amurka da gabashin Asiya. Alhali Afirka ta ba wannan ilimi gudummawar da ba za a manta ba. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wata kansa da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya. A ƙwayoyin wannan cuta aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, daga baya aka gano musayar t(8;14) da ke tunzura ƙwayar gado mai suna MYC. Ƙwayoyin da aka ɗauka daga wani yaro mai wannan cuta a Ibadan a 1963 har yau ana renonsu ana bincike da su a ɗakunan gwaji na duniya. Amma yau, majinyata nawa ne a asibitocinmu ake yi wa irin gwajin da aka yi wa yayanki? Ɗakunan da ke yi kaɗan ne, sau da yawa sai an tura samfur nesa ko ƙasar waje da kuɗi mai yawa, sakamakon ya dawo ya kwanta a fayil, ba wanda ya rubuta shi inda duniya za ta gani. Illar wannan tana dawowa kanmu, musamman a gwajin kansar da ake gada, irin ta mama mai alaƙa da ƙwayoyin gado masu suna BRCA1 da BRCA2: a auna 'yar Afirka a ga wani sauyi, a duba kundi a tarar ba a tara isasshen bayani a kansa ba, a ce mata ba a san ma'anarsa ba. Atlas ɗin yana da sashen rahoton majinyaci ɗaya-ɗaya mai baƙuwar tangarɗa. Ina roƙon ƙannena likitoci da masu ɗakin gwaji da ke karanta wannan, idan kun ga abin da ba a saba gani ba, ku nemi izinin mai shi, ku ɓoye sunansa, ku rubuta.

Komawa ga yayanki, ga abin da zan so ki riƙe idan za ku koma asibiti. Ki tambayi likitansa a wane mataki cutar take, don yawanci a matakin farko mai tafiyar hawainiya ake gano ta, kuma a nan magani ya fi aiki. Ki tambaya yaushe za a yi masa gwajin jini na PCR mai auna yawan BCR::ABL1, wato haɗin nan na BCR da ABL1, don da shi ake bin sawun cutar ba sai an riƙa huda ƙashi kowane lokaci ba. Abin da ake fata shi ne bayan wata uku adadin ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa, bayan wata shida kashi 1, bayan shekara kashi 0.1. Na'urar GeneXpert da aka sani da gwajin tarin fuka tana iya yin wannan awo idan an samu kayan aikin da ya dace da ita, don haka ku tambaya ko akwai inda ake yi kusa da ku. Idan kuɗin magani ne matsala, ku tambayi likitan game da shirin bayar da imatinib kyauta da aka fara gudanarwa tun 2003 ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, shi zai san yadda ake shiga a yanzu.

Abin da ya fi ba mu wahala da masu wannan cuta shi ne samun sauƙi. Cikin 'yan makonni saifa za ta saɓe, ƙarfi ya dawo, ya koma kasuwa ko ofis, 'yan'uwa su fara cewa ai ya warke, me zai sa ya yi ta haɗiyar ƙwaya. Idan ya daina ko ya riƙa tsallake kwanaki, ƙwayoyin da suka rage za su farfaɗo, wasunsu da sabon sauyin da imatinib ba ya kamawa. Akwai wasu magungunan na gaba, irin su dasatinib da nilotinib, amma sun fi tsada da wuyar samu. Ya sha kullum, da abinci da ruwa mai yawa. Idan azumi ya zo ya zauna da likitansa su tsara lokacin sha. Duk wani maganin gargajiya ko na kemis da aka kawo masa, a nuna wa likita tukuna, don wasu suna karo da wannan magani a hanta.

Ita kuwa takardar nan da kika kwafo mini, ki yi mata hoto a waya, ki buga kwafi biyu, ki adana ta asalin a cikin leda. Duk gwajin ɓargon da za a sake yi masa nan gaba da ita za a gwada, a ga 20 ɗin nan ta koma nawa.